Ranar da Kwamfutar Elwood Ta Yi Zufa a Coci

Ranar da mijina Elwood ya sanar cewa zai kunyata Ardis Sletten a gaban coci guda, ni na fara tafa masa. Da ludayi a hannuna na yi tafin, har miya ta fantsama a labule.

Elwood shi ne mai majigin cocinmu. Tun da ya ajiye aikin raba wasiƙu, wannan majigin ne kaɗai ke iya ɗaga shi daga kujera. Duk shekara zai bi gida gida yana tara hotuna, na aure, na baftisma, na wanda ya kamo ƙaton kifi a ƙarƙashin ƙanƙara, har da na waɗanda muka binne. Sai ya haɗa su fim guda da kiɗa, a haska a walimar watan Janairu. Mabuɗin kabad ɗin majigi a wuyansa yake kwana. Kwamfutar da yake aikin da ita kuwa shi ya harhaɗa ta da hannunsa, tun jikarmu ta fari tana rarrafe. Yanzu ita ma jikar tana da nata mai rarrafen. Jibgegiya ce kamar akwati, in ta tashi sai ka rantse niƙan masara ake yi a ɗakin ƙasa. Bauna yake kiranta.

To bara Bauna ta maƙale ana tsakiyar fim, daidai hoton da Fasto Lindgren ya wangale baki zai ciji burodi. Haka muka zauna muna kallon dasashin Fasto har kofi ya huce.

Ita kuwa Ardis, tun muna 'yan makaranta ba mu taɓa sanya hula iri ɗaya ba tare da ɗaya ta cire tata ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta na birni suka aiko mata da sabuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya, siririya kamar murfin tukunya. Wata Lahadi muna shan kofi bayan sujada sai ta ce, kamar ba da kowa take ba, "Ai da tawa ce, da ta gama fim ɗin nan kafin a zuba madara."

Elwood bai ma ji ba, yana can yana zaɓen kek. Ni ce na ji.

Na ce, "Ardis, wannan abin naki kwamfuta ce ko katakon yanka albasa? Baunar Elwood sai ta haɗiye ta ko ruwa ba ta nema ba."

Gordy mai shagon kusoshi, wanda bai taɓa ganin wuta ya rasa fetur ɗin zuba mata ba, ya ajiye kofinsa ya ce, "To a gwada su mana! Hotuna iri ɗaya, a danna lokaci ɗaya, a gaban kowa."

Fasto, da har yanzu yara ke wangale masa baki in ya wuce, ya ce ya amince. Wadda ta riga gamawa a ranar walima, mai ita ne zai riƙe mabuɗi.

Sai a mota na gaya wa Elwood abin da na jawo masa. Na zaci zai yi faɗa. Ina! Ƙirji ya buga, har motar ta yi gefe.

Muna isa gida, ina juya miya, ya tsaya min a ka da darasi. "Verna, kin san firosesa?"

"Ina zan san ta?"

"Ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. 'Yar mitsitsiya ce, kaɗan ta ɗara kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa. Kowace da lambar gudunta. Ta Bauna uku ce da ɗigo takwas. Ta Ardis na leƙa, biyu ce da 'yan kai. Uku da biyu wanne ya fi?"

"Uku."

"Kin gani! Ke ma da kika tsaya a aji takwas kin gane. Zan kunyata matar nan a gaban coci guda."

Nan ne na yi tafin.

Washegari Gordy ya leƙo da saƙon kusoshi ya tarar da darasin bai ƙare ba. Ya ce, "Mutumina, ni fa ɗana ya ce lambar nan ba ita ce magana ba. Wai ƙwaƙwalwar Ardis ma'aikata takwas ne a cikinta, taka biyu."

"Takwas?" in ji Elwood. "Gordy, ka taɓa ganin mutum takwas sun taru a kan aiki ɗaya an gama shi? Ai kwamitin gyaran rufin coci ke nan. Shekara nawa suna zama, har yanzu bokiti muke tarawa."

"Kai ma fa kana cikin kwamitin."

"Shi ya sa na sani."

Aka yi gwaji a gida. Elwood ya loda wa Bauna hotunan ya danna. Na wanke kwanuka, na goge kaya, na kira 'yarmu a waya muka yi gulmar surukarta tas, na dawo na tarar ɗan layin da ke nuna tafiyar aiki bai kai rabi ba. Elwood ya ce ba komai, masu ƙera ta ne suka sa mata linzami don tsoro, shi kuma ya san ƙofar da ake bi a cire. Ya shiga wani shuɗin shafi mai cike da lambobi ya yi ta ƙarawa yana lasar leɓe. Ya sake dannawa. Gaskiya ta yi gudu. Ta yi kuka kamar jirgi zai tashi, sannan ɗif, ta mutu. Na taɓa gefenta, ka iya soya ƙwai.

"Zafi ne abokin gabarta," in ji shi. "Sanyi take so. Verna, mu mutanen garin nan me muka fi kowa da shi?"

"Taurin kai."

"Sanyi! Kyauta Allah ya ba mu, muna ta ƙorafi."

Da farko ya buɗe cikinta ya ce man da ake shafawa a bayan ƙwaƙwalwar don ya janye zafi ya bushe kamar tsohon siminti. Gordy ba ya sayar da shi, ya ce sai dai a yi oda. Elwood ya ce shi ba mai jira ba ne. Ya dube ni.

"In kin goge baki da man nan naki mai na'ana'a, ba kya jin sanyi?"

"Ina ji."

"To miƙo."

Ni da ƙafata na hau sama na ɗauko, har da tambayarsa ko zai so sabon da ban buɗe ba. Ya lafta mata kamar mai shafa wa burodi bota. Tun daga ranar gidanmu ya koma ƙamshin ɗakin likitan haƙori.

Bai isa ba. Sai ya wangale tagogin ɗakin ƙasa, a tsakiyar Janairu, lokacin da in ka watsa ruwan zafi sama ba ya dawowa ƙasa. Da ya ga ta ƙara gudu, sai ya buɗe na kicin ma. Furannina da na shigo da su tun kaka suka sunkuya suka yi baƙi. Kyanwarmu ta tattara ta koma gidan maƙwabta. Muka riƙa cin abinci da safar hannu, cokali na zillewa.

Ana haka Ardis ta biyo ta ƙofar gida a mota, ta sauke gilas.

"Verna! Lafiya na ga tagoginku a buɗe?"

Na fito da bargo biyu a kaina, haɓata na rawa. Na ce, "Zafi ne ya dame mu."

"Allah sarki. Ki sha ruwan sanyi, ƙawata."

"Ke dai ki je ki koyi kunna katakonki."

Da bututun ruwan wanki ya daskare ya tsage, na ce ko a rufe tagogi ko in bi kyanwa. A nan ne babbar dabarar ta zo masa. Ya tsaya a baranda yana kallon talotalon da muka ajiye a can tun Kirsimeti, ƙanƙararre kamar dutse.

"Verna, in aka shigo da talotalon nan, yini nawa yake yi kafin ya saki?"

"Yakan kwana biyu ma."

"To fim ɗin ai ba zai kai haka ba."

Ranar Asabar muka ɗora Bauna a bayan a-kori-kura, a waje, don sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Da na leƙa na gan ta ita kaɗai a cikin iska, sai ta ba ni tausayi, na je na lulluɓa mata bargo. Elwood ya fito da gudu ba takalmi.

"Me kike yi haka? Ardis ce ta aiko ki?"

"Na ga kamar tana jin sanyi."

"Abin da aka kawo ta ta ji ke nan!"

Ranar walima, ana tashi daga sujada kowa ya gangara ɗakin ƙasan coci. Dusar ƙanƙara ta binne tagogin kaf, sai hasken fitilu. Tukwanen lantarki sun yi layi a jikin bango suna tafasa, dankali da nama, wake, miyar kaza, ga manyan tulunan kofi biyu suna huci. Tururi kamar gidan wanka. Duk wanda ya shigo daga waje sai tabaransa ya rufe, ya tsaya yana lalube.

Elwood da Gordy suka kinkimo Bauna. A matakala ta ƙarshe tabaran Elwood ya yi fari fat, ya taka iska, suka tafi luu sai da teburin kek ya tare su.

"Ka ce min akwai sauran ɗaya mana!" in ji Elwood.

Gordy ya ce, "Shekara nawa kana sauka nan, ni ne zan ƙirga maka?"

Aka girke ta a tebur. Nan da nan jikinta ya yi furfura, fari sol. Yara suka zo suna rubuta sunayensu a kai da yatsa. Can furfurar ta fara narkewa. Ruwa ya riƙa bin gefenta, ɗis, ɗis, har ya jiƙa ƙyallen teburin da matan coci suka yi wa ado.

Wata tsohuwa daga cikin masu waƙa ta ce, "Elwood, akwatinka fa kuka yake yi."

"Zufa ce, Mama. Ba ki taɓa ganin ɗan dambe kafin a shiga fili ba?"

"Na gani. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi fitsari a tebur ba."

Ardis ta iso a makare. Ta buɗe jakar saƙarta, ta ciro kwalbar kokwamba mai tsami, ta ciro ƙwallon zare, sannan ta ciro kwamfutar ta kaɗe mata ɓurɓushin biskit. Ba ta ko nemi inda za ta jona ba. 'Yarta ta shirya mata komai, ta ɗiga jan farce a kan maɓallin da za ta danna.

Elwood ya juya ga jama'a, hannu a ƙugu. "Jama'a, ku kalla da kyau. Yau za ku ga bambancin ƙarfe da takarda. Uku da ɗigo takwas! Ardis, in kin ji tsoro, har yanzu akwai damar ki koma saƙa."

"Ai da ita na zo," in ji Ardis. Ta zauna ta zaro allurai.

Fasto ya ɗaga hannu, ya sauke. Ardis ta danna jan farcenta ta ci gaba da saƙa. Elwood ya danna nasa.

Bauna ta ce uhm. Ta yi wani nishi irin na tsohon da ake tasa daga barci, ta yi shiru.

Ya sake dannawa. Uhm.

"Ƙasaita ce," na ce wa matan da ke kusa da ni. "Ba ta tashi a kiran farko."

Elwood ya matso kunnena. "Sanyi ya yi mata yawa. Ina na'urar busar da gashin nan da kuke narkar da ƙanƙarar famfon kicin da ita?"

Na ruga na ɗauko. Ya shiga hura mata iska mai zafi ta gaba da ta baya.

Gordy ya ce, "Tsaya, mutumina, in fahimta. Kwana guda kana daskarar da ita, yanzu kuma gasa ta kake yi?"

"Waje nake gasawa. Ciki na nan da sanyinsa."

"Irin talotalon Verna na bara ke nan."

Ban kula shi ba, don Bauna ta farka. Ta yi gurnani, cokula suka hau rawa a kan tebur, ɗan layinta ya fito ya soma rarrafe. Na leƙa na Ardis ta wutsiyar ido. Nata ya wuce rabi, kuma abin ko tari bai yi ba.

"Yanzu za ta kamo ta," in ji Elwood. "Bauna a gangara take gudu."

Sai ƙamshin na'ana'a ya tashi. Da farko kaɗan, daga baya ya danne na kofi. Mutane suka fara shinshina. Fasto ya hura a tafin hannunsa ya sansana. Elwood ya taɓa bayan Bauna ya janye hannu da sauri.

"Fankoki! Verna, fankoki!"

Manyan fankoki uku ya zo da su daga gida saboda irin haka. Muka kewaye ta da su. Sai dai ramin jona wuta na gefensa ya cika. Wanda ya rage ɗaya ne, na bangon tulunan kofi.

Duk macen da ta taɓa ɗaura gyale a kicin ɗin cocin nan ta san doka guda: in tulunan kofi biyu na kan wuta, ko fitilar Kirsimeti ba a ƙarawa a bangon nan. Ni nake koya wa sababbin amare dokar. Ni na taɓa korar matar wani dattijon coci daga kicin a kanta. Na tsaya da igiyar a hannu. Na dubi Ardis tana ƙirga saƙarta hankali kwance. Na cusa.

Fankokin suka tashi gaba ɗaya. Farantan takarda suka yi sama kamar tattabaru. Hular wata baƙuwa ta faɗa miyar kaza. 'Yan gashin da Gordy ke kwantarwa a kan sanƙonsa suka miƙe tsaye suna gaishe da jama'a. Elwood na tsaye a tsakiyar guguwar, na'urar busar da gashi a hannu, ya manta bai kashe ta ba, yana ihu, "Ku duba! Ku duba yadda take tafiya!"

Ɗif.

Fitilu, fankoki, tukwane, tulunan kofi, Bauna, duk suka mutu lokaci ɗaya. Duhu ya rufe mu ƙirin. Wani yaro ya fashe da kuka. Wani ya taka wani aka ce wayyo.

Haske ɗaya ne ya rage a ɗakin, a fuskar Ardis. Katakon albasarta na nan a kunne, ko gezau. Muna tsaye cirko-cirko sai abin ya yi wata 'yar ƙara mai daɗi, kamar an taɓa kofi da cokali.

Ardis ta ce, "Verna, ƙawata, zo ki duba min. Na baro tabaran karatuna a mota. Me ta rubuta?"

Mutum ɗari a ɗakin nan, ni ta zaɓa. Na taka a kan farantan takarda na je na sunkuya.

"An gama," na ce a hankali.

"Me? Kin san kunnena."

"An gama!"

Daga cikin duhu muryar Elwood ta taso. "Maguɗi ne! Ta yaya za ta gama babu wuta?"

"Batir gare ta, mutumina," in ji Gordy.

"To ai wannan cuta ce! Wa ya ce a zo da guzuri?"

Fasto ya lalubi hanya da hasken wayarsa ya je ya ɗaga babban makunnin wutar da ya faɗi. Fitilu suka dawo. Elwood bai ko tsaya share miyar da ke kafaɗarsa ba, ya ce a sake, zagayen farko gwaji ne. Ya danna. Ruwan da ya taru a cikin Bauna ya gamu da wuta. Ta ce fat! Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta ya miƙe sama, mai ƙamshin na'ana'a.

Tsohuwar nan mai waƙa ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ta dai tafi da baki mai tsabta."

Aka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni ban yi ba, don ina kallon hannun Elwood. Ya kai shi wuya yana neman igiyar mabuɗin, ta sarƙe da maɓallin riga, ya kasa kwancewa. Na je na kwance masa. Wuyansa ya yi ja kamar na yaron da aka kama da satar alewa. Shi ya miƙa wa Ardis da kansa. 

Ardis ta rataya mabuɗin a wuya. Aka jona katakonta da majigi, aka ja kujeru, kowa ya ɗebi dankalin da ya fara sandarewa. Elwood ya koma can baya kusa da ƙofa ya zauna shi kaɗai, hularsa a gwiwa.

Fasto ya ce, "To, wa zai kashe mana fitilu?"

Ardis ta waiwaya ta dube shi ta saman kafaɗa. "Elwood mana. Duk garin nan wa ya kai shi iya wannan? Ni dai muddin mabuɗin nan na wuyana, ba mai taɓa min fitila sai shi."

Aka sake fashewa. Na ɗauki jakata, na ce a raina yanzu zai fice in bi shi. Sai na ga ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya taka zuwa bango kamar wanda aka kira karɓar lambar yabo. Ya ɗora yatsa a kan makunni. Bai danna ba. Ya jira sai da kowa ya yi tsit, har yaron da ke kuka.

"Kowa ya zauna? Gordy, cire hular nan, kana tare wa na baya. Ardis, kin shirya? Kada ki taɓa komai sai na ce."

Sannan ya kashe.

Fim ya tafi sumul, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Hoton Fasto na bana ya zo ya wuce baki a rufe. Elwood bai zauna ba har aka gama, yana tsaye yatsa a bango, ya kori yara biyu da suka matso kusa.

A hanyar gida, gawar Bauna na ta kwaramniya a bayan mota. Na ɗora hannuna a gwiwarsa, ina neman kalmar da zan lallashe shi da ita.

Ya ce, "Kin lura ba a fara ba sai da na ba da izini?"

"Na lura."

"Ma'aikata takwas, ga batir, ga Ardis, ga Fasto, duk suna zaune suna jiran yatsan nan." Ya saki sitiyari ya nuna min yatsan. "Mabuɗi dai ta karɓa, Verna. Amma duhun nawa ne."

Na ce masa ya kalli hanya.